Daga Riyo zuwa Illela: Tarihin bukukuwan kalankuwa da siyasar da ke cikinsu

Duk shekara, tsakanin Fabrairu da Maris, hotunan bikin karnibal na Birazil kan cika kafafen sada zumunta. Kafofin yaɗa labarai na Hausa sun saba fassara sunan bikin da kalankuwa, kuma fassarar ta dace, domin ƙasar Hausa na da nata bukukuwan da jama'a ke mamaye fili, a yi ado, a yi kiɗa, a kwaikwayi masu mulki. A garin Illela na Jihar Sakkwato, wanda 'yan kilomitoci ne kawai suka raba shi da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, ana ganin al'adun ƙasashen biyu a wuri guda, ana kuma ganin yadda siyasa da rashin tsaro ke iya dakushe su. Ga bayani kan asalin waɗannan bukukuwa da halin da suke ciki.

Mene ne karnibal?

Asalinsa biki ne na ƙasashen da ɗariƙar Katolika ta yi ƙarfi. Ana yin sa a kwanakin da suka gabaci azumin kwana 40 da Kiristoci ke yi kafin Ista, ya ƙare ranar Talata, washegari Larabar Toka a shiga azumi. Yawancin masana harshe na danganta sunan da wata jimlar Latin mai nufin ajiye nama, wato a ci a sha a yi raha kafin lokacin ƙamewa. Abin da ya bambanta shi da sauran shagulgula shi ne sassaucin da ake samu na 'yan kwanaki: talaka ya yi shigar basarake, a rufe fuska, a yi wa manya shaguɓe a bainar jama'a.

Saboda haka ne mahukunta suka daɗe suna sa masa ido. A birnin Venis na Italiya bikin ya durƙushe bayan da Napoleon ya kawo ƙarshen jamhuriyar birnin a 1797, sai a 1979 aka farfaɗo da shi. A Kolon da ke Jamus, inda aka tsara jerin gwanon zamani tun 1823, da maƙwabtanta Mainz da Dusseldorf, ana jan manyan mutum-mutumi da ke yi wa shugabannin duniya ba'a. Ba'ar tana da iyaka: a 2019 hukumar UNESCO ta cire bikin garin Aalst na Beljiyam daga jerin al'adun da take karramawa, bayan an nuna siffofin da suka ci zarafin Yahudawa.

Sawun Afirka a ƙetaren teku

Bayin da aka kwashe daga Afirka da zuriyarsu ne suka sauya wa bikin kama a nahiyar Amurka. A Tirinidad, bayan 'yanta bayi a shekarun 1830, baƙaƙen fata sun mayar da bikin nasu. Da 'yan sandan mulkin mallakar Ingila suka nemi murƙushe jerin gwanonsu a 1881, sai aka yi arangama. Daga baya aka haramta ganguna, mutane suka koma buga gora, har suka kai ga ƙera kayan kiɗa daga durom ɗin mai, waɗanda yau su ne alamar ƙasar. 'Yan asalin wannan yanki ne suka kai al'adar Landan: bayan tarzomar wariyar launin fata ta 1958, 'yar gwagwarmaya Claudia Jones ta shirya biki a cikin zaure a 1959, kuma daga tsakiyar shekarun 1960 bikin Notting Hill ya fito kan titi.

A Riyo, ƙungiyoyin kiɗan samba na unguwannin talakawa sun fara gasa a 1932, a 1984 kuma aka buɗe musu filin fareti na musamman wanda Oscar Niemeyer ya zana. Kowace ƙungiya kan zaɓi jigo, sau da yawa na siyasa. Ƙungiyar Mangueira ta lashe gasar 2019 da jigon tarihin waɗanda littattafan makaranta suka manta da su, inda ta karrama Marielle Franco, kansilar da aka kashe a 2018.

A nan ne Bahaushe zai ci karo da kansa. Jihar Bahiya ta karɓi bayi Hausawa masu yawa a farkon ƙarni na 19, kuma su suka jagoranci yunƙurin tawaye a 1807 da 1814. A Janairun 1835, cikin watan Ramadan, bayi Musulmi, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi boren da ake kira na Male a birnin Salvador. Ƙungiyar karnibal ta Malê Debalê da aka kafa a 1979 daga wannan bore ta samo sunanta.

Kalankuwa, wasan kara da tashe

Kalankuwar ƙasar Hausa biki ne na kaka. Idan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata kan kafa gwamnatin wasa: a naɗa sarki da gwamna da alƙali da 'yan doka, a yi shari'a, a ci tarar wanda ya karya dokar fili, a kuma yi dambe da kokawa. A Nijar, musamman Damagaram, akwai wasan kara, inda matasa ke ƙera bindigogi da motoci da na'urar ɗaukar hoto da karan dawa, wani ya fito a matsayin shugaban ƙasa, wani minista, wani kwamandan soja, suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu, wani lokaci a gaban su waɗanda ake kwaikwayon.

Tashe kuwa yakan fara ne idan azumi ya kwana goma. Yara da matasa kan bi gida-gida da dare, wani ya yi gemun auduga, wani ya yi shigar malami ko boka ko ɗan daudu, ana raha ana jan kunnen marowaci da malalaci da mai cin amana. A Kano akwai sarautar Nalako, wanda ke jagorantar kamun gwauraye. Turawa sun sa nasu wasan kafin azumi, Hausawa kuma suka sa nasu a cikin dararensa, amma manufar ta yi kama: a faɗi da wasa abin da ba a iya faɗa da gaske.

Haka ma wasan taubasantaka, irin na Gobirawa da Yarbawa, ko Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, wanda kan yi armashi a watan cika-ciki. UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin jerinta a 2014, saboda rawar da take takawa wajen kashe wutar rikici.

Hawan Sallah

Hawan Sallah ya sha bamban da waɗannan, domin shi nuna ƙarfin sarauta ne. Ana danganta tsarinsa a Kano da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Hakimai kan zo da dawakai da 'yan lifidi da 'yan sulke su yi jafi a gaban sarki, alamar mubaya'a. Kano na da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa da na Ɗorayi da Fanisau, Katsina na da Hawan Bariki, Daura kuma na da Hawan Magajiya da Sallar Gani. Turawan mulki sun ari al'adar suka haɗa ta da tsarin da suka saba a Indiya, suka shirya wa Yariman Wales hawan daba a Kano a 1925, da Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Gwamnatin soja ma ta yi nata a Kaduna lokacin FESTAC a 1977.

Duk da haka talaka na da rabonsa. Ranar hawa ce yake ganin sarki ido da ido, kuma yawan masu ɗaga hannu suna jinjina, ko ƙarancinsu, saƙo ne da fada da gidan gwamnati ke karantawa.

Illela da Ƙonni

Iyakar da ta ratsa tsakanin garuruwan biyu yarjejeniyoyin Ingila da Faransa ne suka haifar da ita, kuma tsakanin 1906 da 1908 aka kafa alamominta. Ta raba dangi da gonaki da makiyaya, amma ba ta raba bukukuwa ba. Kasuwar Illela da ke ci ranar Lahadi, wadda ta yi suna wajen cinikin dabbobi, ita ke ciyar da garuruwan kudu da ragunan layya, da yawansu daga Adar da Azbin. Makaɗa da maroƙa da 'yan kokawa kan ƙetara duk inda ake buki. Da yake Sarkin Musulmi ne ke sanar da ganin wata a Najeriya, Nijar kuma na da nata hukumomin, akan samu shekarar da Ƙonni za ta yi idi yau, Illela gobe, 'yan uwa su ci tuwon Sallah sau biyu.

A gefen Nijar, ƙauyen Masallata da ke kusa da Ƙonni ya shahara da bikin buɗin daji, wanda ya samo asali tun kafin Musulunci ya kafu a yankin, inda ake yin arwa kan yadda shekara za ta kasance. Malamai sun daɗe suna sukar irin wannan, tun zamanin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubuce-rubuce kan bidi'o'i da gauraya addini da al'ada. Babban taron da ya haɗa kowa shi ne kokawar gargajiya ta ƙasa, wadda gwamnatin Seyni Kountché ta fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya lashe takobin farko. Gasar na zagaya jihohin Nijar takwas, kuma masu bibiyarta ta rediyo da talabijin a Illela da Gada da Sakkwato ba su da iyaka.

Abin da ke barazana gare su

Na farko shi ne rufe iyaka. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, kuma Illela na cikin huɗun da aka fara buɗewa a Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sake rufe ta har zuwa Maris 2024. Wanda ke da ɗaurin aure ko suna a ɗaya gefen sai ya bi ta daji ko ya haƙura.

Na biyu shi ne tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a gabashin Sakkwato, da ɓullar Lakurawa a yankin Tangaza da Gudu, sun sa taron dare a ƙauye ya zama kasada. A Kano ma rundunar 'yan sanda ta sha dakatar da tashe, tana cewa 'yan daba na fakewa da shi.

Na uku shi ne rikicin siyasa. Bayan da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta mayar da Muhammadu Sanusi II kan karaga a Mayun 2024, Aminu Ado Bayero kuma ya ci gaba da zama a gidan Nasarawa, 'yan sanda sun hana hawa a Babbar Sallar shekarar. A Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya, amma bayan 'yan watanni, a Ƙaramar Sallar 2025, aka sake hana shi. Masu ɗinkin kayan doki da makaɗa da masu otal su suka ɗauki asarar.

Darasi daga Argungu da Kalaba

Bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, abin da ya rufe babin gabar da aka daɗe ana yi tsakanin Kabawa da Sakkwato. UNESCO ta karrama shi a 2016, a daidai lokacin da aka yi kusan shekara goma ba a gudanar da shi ba, sai a 2020 ya dawo. A Kuros Riba, Gwamna Donald Duke ya ƙirƙiro bikin Kalaba a 2004, ya zama abin da ke cika otal-otal na birnin kowace Disamba.

Misalan biyu na nuna cewa gwamnati na iya raya biki, kuma bikin da ya dogara da aljihunta kaɗai yakan kwanta idan ta juya baya. Ga matasan Illela da Ƙonni, tambayar da ya kamata su riƙa yi wa masu neman ƙuri'arsu da masu mulkinsu mai sauƙi ce: yaushe hanya za ta yi amincin da ɗan kokawa daga Tawa zai zo ya kwana a Illela, yara kuma su fita tashe iyayensu su yi barci da kwanciyar hankali?