Kuɗin Takara: Daga Katin NEPU Zuwa Aljihun Ubangida

Duk lokacin da zaɓen ƙananan hukumomi ya ƙarato, mu 'yan kasuwa ne farkon waɗanda ake ƙwanƙwasa wa ƙofa. Wannan ya zo neman gudummawar fosta, wancan na man mota, wani kuma rancen kuɗin fom. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwaya mu dubi yadda aka yi ta fama da maganar kuɗin takara a ƙasar nan. Gwamnati ta taɓa ɗaukar nauyin jam'iyyu da kuɗin baitulmali, ta kuma kafa dokar ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe, amma har yanzu kujerar kansila da ta ciyaman ba su kuɓuta daga hannun mai kuɗi ba. To, ina gizo yake saƙar?

A zamanin siyasar farko gwamnati ba ta ba kowace jam'iyya ko kwabo a bisa doka. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure ne suka riƙe ta da kuɗin kati da karo-karo, sai ɗan taimakon da take samu daga abokiyar ƙawancenta NCNC. Ita kuwa NPC ƙarfin En'e da na manyan attajirai ta jingina da shi. A kudu ma ba a tsira ba, domin a 1956 an kafa kwamitin Foster-Sutton ya binciki yadda kuɗin gwamnatin Jihar Gabas suka shiga bankin da ke da alaƙa da Dakta Azikiwe, a 1962 kuma kwamitin Coker ya gano yadda kuɗin hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Yamma suka kwarara zuwa jam'iyyar AG. Wato tun fil azal, jam'iyyar da ke kan mulki da dukiyar jama'a take yaƙin zaɓe, ko da doka ko babu.

A 1976 gwamnatin soja ta yi wa mulkin En'e garambawul, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, aka yi zaɓen kansiloli ba tare da jam'iyyu ba. A wannan shekarar ce kuma Lafiya ta koma ƙarƙashin sabuwar Jihar Filato. Da za a koma mulkin farar hula a 1979, sai sojoji suka ce don kada masu kuɗi su saye jam'iyyu, hukumar zaɓe ta FEDECO ta riƙa ba su tallafi daga baitulmali. Jam'iyyu biyar ne suka ci wannan gajiyar: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. Sai dai kuɗin a hedikwata suka tsaya, kuma a yawancin jihohi ba a ma yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jamhuriya ta Biyu ba, gwamnoni suka yi ta naɗa 'yan riƙon ƙwarya har soja suka dawo a ƙarshen 1983.

Babban gwaji shi ne na Janar Babangida. Ranar 7 ga Oktoba 1989 ya yi watsi da ƙungiyoyi 13 da suka nemi rajista, ya ce masu jakar kuɗi ne a bayansu, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa, SDP mai doki da NRC mai mikiya. Gwamnati ce ta rubuta musu manufa, ta gina musu ofisoshi a manyan biranen jihohi da hedikwatocin ƙananan hukumomi, ta kuma riƙa zuba musu kuɗi. Dabarar ita ce babu wanda zai bugi ƙirji ya ce shi ya kafa jam'iyya, kowa shigowa ya yi. Ranar 8 ga Disamba 1990 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a ƙarƙashin jam'iyyun nan biyu, ƙato bayan ƙato, hukumar zaɓe tana hannun Farfesa Humphrey Nwosu.

Me ya biyo baya? Gwamnati ta biya wa jam'iyya gini da mota da albashin ma'aikata, amma ɗan takara shi kaɗai aka bari da kuɗin fom, da na yawon kamfe, da na sallamar wakilai a zaɓen fid da gwani. Mai kuɗi da aka kora ta ƙofa sai ya shigo ta taga. Shi kansa layin ya zame wa mai sayen ƙuri'a sauƙi, tunda da idonsa yake ganin wanda ya tsaya bayan hoton ɗan takararsa. Abin ya kai a 1992 gwamnati ta soke zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa saboda zargin maguɗi da wasa da kuɗi, ta hana 'yan takara 23 tsayawa, cikinsu har da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da Malam Adamu Ciroma da Alhaji Umaru Shinkafi. Da aka sake lale, su wa suka fito? Manyan attajirai biyu, Cif Abiola da Alhaji Bashir Tofa. Aka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, Janar Abacha ya rushe jam'iyyun a watan Nuwamba, duk dukiyar da aka narka ta bi ruwa.

Bayan an ƙirƙiro mana Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, aka dawo mulkin farar hula a 1999, tsarin mulki ya sake ba majalisa ikon ware wa jam'iyyu tallafi ta hannun INEC. Dokar zaɓe ta 2006 ta ce a raba kashi 10 cikin ɗari daidai wa daida, sauran kashi 90 kuma gwargwadon kujerun da jam'iyya take da su a Majalisar Tarayya. Jama'a ku duba, mai ƙiba aka ƙara shafa wa mai. A gefe guda kuma, tun da Kotun Ƙoli ta sassauta sharuɗɗan rajista a 2002 jam'iyyu suka yi ta tsirowa, wasu ba su da ko kansila ɗaya sai jiran kaso. Dokar 2010 ta zo ba tare da tanadin tallafin ba, aka rufe wannan babi.

Abin da ya rage shi ne ƙayyade kashe kuɗi. Dokar 2006 ta yanka wa mai neman ciyaman Naira miliyan 5, kansila dubu 500. Ta 2010 ta ninka, miliyan 10 da miliyan 1. Ta 2022 ta kai su miliyan 30 da miliyan 5, ta kuma ce wanda ya wuce iyaka a ci shi tarar kashi 1 cikin ɗari na adadin, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun. Ku yi lissafi irin namu na kasuwa: tarar kansila dubu 50 ke nan. Wane ubangida ne wannan zai tsorata? Bugu da ƙari, ƙananan hukumomin Abuja kaɗai INEC take yi wa zaɓe. Namu 13 na jihar nan yana hannun hukumar zaɓe ta jiha, wato NASIEC, a ƙarƙashin dokar Majalisar Jiha.

Akwai inda aka bi ta wata hanya dabam. A birnin Niyok na Amurka, bayan wata badaƙalar cin hanci, an kafa doka a 1988 cewa hukumar birni za ta riƙa ƙara wa ɗan takara kuɗi a kan ƙananan gudummawar da mazauna birnin suka ba shi. A zaɓen 2021 duk dala 1 ana ɗora mata dala 8, har zuwa dala 175 ta kowane mutum ga mai neman kansila. Amma sai ya fara tara dala 5,000, ya kawo mutum 75 na mazaɓarsa da suka ba shi, ya yarda da iyakar kashewa, ya kuma buɗe littafinsa a bincika. Bambancin a fili yake. Namu tallafin daga sama ya sauko ya maƙale a hannun shugabannin jam'iyya, nasu kuwa sawun talakan unguwa yake bi, don haka dole ɗan takara ya zagaya gida-gida.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kansilan da mutum ɗaya ya saya wa fom ya kuma buga wa fosta, ranar rabon rumfunan kasuwa ko kwangilar karɓar haraji ko gyaran magudanar ruwa, maganar wa zai ji? Mu da muke zaune a nan da iyalanmu da jarinmu, ƙaramar hukuma ce gwamnatin da muke karo da ita kullum. Kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, sai mu sa rai masu zuba jari a kan 'yan takara za su ƙara buɗe bakin jaka.

Shawarata ga ƙungiyarmu guda uku ce. Na farko, duk mai neman kansila ko ciyaman da ya zo wurinmu, kowace jam'iyya yake, a zaunar da shi gaban jama'a a tambaye shi wa ya biya masa fom, nawa kuma ake bin sa. Na biyu, wanda zai ba da gudummawa ya bayar a fili, a rubuta, gara mutum ɗari su haɗa kaɗan-kaɗan da a bar wa mutum ɗaya. Na uku, mu haɗa kai da 'yan'uwanmu na sauran ƙabilun da muke zaune tare, mu rubuta wa ɗan majalisarmu na jiha a nemi doka da za ta tilasta wa kowane ɗan takara bayyana inda ya samo kuɗi, a manna a sakatariya kowa ya karanta. Iyayenmu da suka riƙe jam'iyya da kuɗin kati ba su fi mu wadata ba.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya, amin.