Daga Ijaza Zuwa Lasisi: Tarihin Izinin Warkar Da Hankali A Arewacin Zazzau

Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa hankali yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su, tare da addini da rai da nasaba da dukiya. Saboda haka tambayar wane ne ya cancanci a damƙa masa wanda hankalinsa ya taɓu, kuma wa zai shaidi cancantarsa, tsohuwar tambaya ce wadda mutanen Kurmin Kogi da sauran garuruwan Ikara da Makarfi da Kudan suka daɗe suna amsawa tun kafin su ji labarin asibiti.

A zamanin da, idan mutum ya fara surutai shi kaɗai, ko barci ya ƙaurace masa, ko baƙin ciki ya danne shi har ya daina fita gona, danginsa sukan nufi ɗaya daga ƙofofi uku: malami mai tofi da rubutun sha, ko boka mai saiwa da turare, ko kuwa 'yan bori masu girka. Kowace ƙofa tana da mai tsaronta. Malami ba ya zama a zaure ya ba da taimako sai ya shekara da shekaru a gaban shaihinsa, ya sauke, ya karanci littattafai, ya sami ijaza wadda ke ambaton silsilar waɗanda ilmin ya biyo ta hannunsu. Boka yakan gaji sana'ar ne daga ubansa. Masu bori kuwa suna ƙarƙashin Sarkin Bori ko Magajiya. Wannan tsari yana da falala babba, domin mai maganin maƙwabci ne, an san asalinsa, kuma ana iya biyansa da damin dawa bayan kaka. Aibinsa shi ne, in ya yi kuskure, ko ya tsananta wa majinyaci da duka da mari, da wuya a sami mai tuhumarsa.

Ba Turawa ne suka fara tunanin hukuma ta jarraba masu magani ba. A shekarar 931 Miladiyya, bayan wani majinyaci ya rasu ta dalilin kuskuren mai yi masa magani, Halifa Muƙtadir na Bagadaza ya umarci Sinanu ɗan Sabitu da ya jarraba likitocin birnin, kada kowa ya taɓa marar lafiya sai da takardarsa. Fuƙaha'u kuma sun ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin ɗibbu alhali ba a san shi da shi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan magani domin a rarrabe sahihi da camfi, sai dai daularsa ba ta kafa wani ofishi mai rajistar masu magani ƙauye-ƙauye ba, aka bar al'amarin a hannun malamai da sarakunan sana'a.

Da Turawa suka shiga Zariya a 1902, abin da ya dame su game da mai taɓin hankali shi ne kada ya tada hankalin jama'a. Dokar mahaukata ta 1916 ta ba likitan gwamnati da alƙalin Turawa ikon tsare mutum, kuma tun da gidajen da aka tanada suna can Kalaba da Yaba, sau da yawa a Arewa kurkukun En'e ne ya zama masaukin irin waɗannan bayin Allah. An sake fasalin dokar a 1958, ta ci gaba da aiki fiye da shekara sittin. Ko da yake wani likitan ƙwaƙwalwa, Dokta Lambo, ya nuna a Aro ta Abekuta, tun 1954, cewa ana iya jinyar majinyaci a cikin ƙauye tare da danginsa, wannan hikima ba ta yaɗu yadda ya kamata ba.

Ilmin halayyar ɗan Adam irin na boko ya zo daga baya. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashensa a 1964, aka kafa ƙungiyar masanansa ta Nijeriya a 1984. A Amurka, jihar Kanetikat ce ta fara ba su lasisi a 1945, kafin 1977 ta ƙare kuma dukan jihohi sun bi sahu. Ingila ba ta sa su ƙarƙashin hukumar rajista ba sai 2009. A nan gida, sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta shafe ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na ɗan Adam.

To, amma kowane izini yana da farashi, kuma yawanci talaka ne ke biya. Wanda zai zama masanin halayya mai duba marasa lafiya sai ya yi shekara huɗu a jami'a, ya ƙara digiri na biyu, ya yi koyon aiki a asibiti. Wanda ya kashe ƙuruciyarsa da dukiyar iyayensa haka, ba abin zargi ba ne in ya zauna inda albashi yake, wato Kaduna ko Abuja ko ma ƙasar waje. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke ƙasar nan ba su kai ɗari uku ba, ga jama'a fiye da miliyan ɗari biyu. Manomin Kurmin Kogi da ɗansa ya kamu, sai ya sayar da masara ko akuya, ya ɗauki shatar mota zuwa asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ya bar gona, ya nemi makwanci, sa'an nan ya maimaita tafiyar duk lokacin da magani ya ƙare. Wanda ya gaza sai ya koma gidan mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa a watan Satumba na 2019, inda suka fitar da mutum wajen ɗari uku, da yawansu da sarƙa a ƙafa, ya isa hujja cewa rashin sa ido zalunci yake haifarwa. Haka kuma ya nuna cewa iyaye ba su kai 'ya'yansu can ba sai don ƙofar da ta dace ta yi musu nisa da tsada.

Ra'ayina shi ne lasisi wajibi ne, domin hankalin mutum ya fi ƙarfin a bar shi a hannun duk wanda ya rataya allo a ƙofarsa. Amma hukumar da ta hana jahili taɓa majinyaci, wajibi ne a kanta ta kawo masani kusa, in ba haka ba ta rufe rijiya ne ba ta haƙa wata ba. Hanyar kuwa a buɗe take. Tun 1991 manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci, kuma a Makarfi akwai makarantar Shehu Idris mai horar da ma'aikatan lafiya na karkara. Ina roƙon gwamnatin jiha da sarakunanmu da limamanmu su haɗa kai a koya wa waɗannan matasa gane ciwon damuwa da farfaɗiya da shaye-shaye, a sa ƙwararre mai lasisi ya riƙa zagayowa yana duba aikinsu, a kuma yi wa masu ruƙiyya rajista bisa sharaɗin ba duka, ba sarƙa, kuma su tura wanda ya fi ƙarfinsu asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba shugabanninmu ikon sauke wannan amana.