Waƙoƙin da Ake Sa Ran Makaɗin Jitar Bes Ya Iya a Coci: Nazari

Gabatarwa

Wanda ya rataya jitar bes a coci yakan tarar da jerin waƙoƙi da ba wanda ya rubuta masa, amma kowa ya ɗauka ya iya su. Jagoran waƙa zai ɗauko amshi ba sanarwa, mai kibod ya lalubo muryar, shi kuma a sa ran ya shigo kafin a gama layin farko. Wannan nazari zai nuna cewa kowace waƙa ta sami gurbi a jerin ne saboda wani aiki da take koya wa hannu da kunne. Wanda ya gane aikin zai iya bin waƙar da bai taɓa ji ba.

Tsoffin waƙoƙin sujada

Tushen jerin shi ne waƙoƙin littafi, irin su "Amazing Grace" ta John Newton, wadda aka buga a 1779. Tafiyarta bugu uku-uku ce, kuma sautuka uku ke ɗauke da ita: do, fa da so. Abin da take koyarwa shi ne haƙuri. Makaɗi zai taɓa tsirkiya a bugun farko, ya bar sautin ya yi tsawonsa, ya jira jama'a su ja numfashi. "Take My Hand, Precious Lord", wadda Thomas Dorsey ya rubuta a Chicago a 1932 bayan rasuwar matarsa da jaririnsu, ta ƙara wani darasi: mawaƙi yakan ja kalma yadda zuciyarsa ta ba shi, don haka bes bakin mawaƙi yake bi, ba ƙidayar ganga ba.

Waɗannan waƙoƙi sun girmi kayan kiɗan da kansa. Sai a 1951 kamfanin Fender ya fito da jitar bes ta lantarki da ta karɓu. Kafin nan, a cocin baƙar fata na Amurka, mai kaɗa ogan ne ke ba da sautin ƙasa da ƙafarsa ko hannunsa na hagu. Shi ya sa har yau ladabin farko na mai bes shi ne ya saurari hannun hagun mai kibod, kada su yi karo.

Zamanin rawa da ƙwarewa

"Oh Happy Day" ta ƙungiyar Edwin Hawkins, wadda ta kai matsayi na 4 a jadawalin Billboard a 1969, ta kawo salon kai da komo tsakanin sautuka biyu ana maimaitawa. Nan ake gane mai riƙe kari: ya yi ta zagaya abu ɗaya ba tare da ya yi gudu ko ya ja baya ba. Waƙoƙin Andraé Crouch, kamar "Soon and Very Soon" ta 1976, sun koyar da hawa da sauka daki-daki daga wannan sauti zuwa wancan, a maimakon tsalle.

"Total Praise" ta Richard Smallwood, ta 1996, ita ce jarrabawa. Sautukan suna sauyawa kusan kowane bugu, kuma an gina ta a muryar D♭. Jita mai tsirkiya huɗu tana tsayawa ne a E, saboda haka ba ta kai wa D♭ na ƙasa. Wannan na cikin dalilan da suka sa makaɗan bishara suka rungumi mai tsirkiya biyar, wadda ke sauka har B. A 1997 kuma "Stomp" ta Kirk Franklin ta aro kiɗan ƙungiyar Funkadelic, bes ya fito gaba da bugun babban yatsa. Fred Hammond ma da bes ya fara, yana kaɗa wa ƙungiyar Winans, kuma ana jin haka a ginin waƙoƙinsa.

Yadda jerin yake a Najeriya

Faifan Ron Kenoly na 1992, "Lift Him Up", wanda Abraham Laboriel ya kaɗa wa bes, ya zama makaranta ga matasan coci da yawa a Najeriya. Sai dai jerin nan gida ya fi faɗi. Makaɗi a Jos ko Kaduna zai iya fara sujada da waƙa daga Littafin Waƙoƙi, ya wuce zuwa waƙoƙin Panam Percy Paul ko Solomon Lange, sannan a lokacin baiko a juya zuwa kiɗan hailaif da abin da ake kira makosa, wanda sau da yawa salon Kwango ne ko da yake sunan na Kamaru ne. "Way Maker" ta Sinach, ta 2015, sautuka huɗu ne ke zagayawa: fa, do, so, la. Da wannan zagaye kaɗai ana iya bin waƙoƙin yabo masu yawa.

Harshen aiki ma ya bambanta. A Amurka lambobi ake kira. A nan sol-fa ake kira, gadon tsarin John Curwen da mishan suka kawo. Mai kibod zai waiwayo ya ce "la, fa, so", ya wadatar. Amfaninsa shi ne ko jagora ya ɗauki waƙa sama ko ƙasa da inda aka saba, sunayen ba sa sauyawa, hannu ne kawai ke matsawa.

Akwai kuma zumuntar mata, waɗanda tulunansu ke ba da sautin ƙasa tun kafin jita ta zo. In sun tashi waƙa, mai bes ko dai ya bi bugun tulu, ko ya sauke hannu.

Kammalawa

Jerin ya ƙunshi ayyuka huɗu: riƙe sauti, riƙe kari, tafiya tsakanin sautuka, da sauya murya nan take. Mai koyarwa zai fi cin riba in ya zaɓi waƙa ɗaya ga kowane aiki, ya sa ɗalibi ya kaɗa ta a dukkan muryoyi 12, a kan ya tara masa sunayen waƙoƙi masu yawa.