Tsohuwar Motar Ingila da Darajarta a Kasuwa: Waiwaye daga Ƙasar Kabi

A Ingila, idan mutum zai sayar da tsohuwar motar gudu mai kujera biyu, irin su MG ko Triumph ko Jaguar, abin da mai saye yake fara tambaya shi ne takardunta. Yana so ya san ranar da ta fito daga masana'anta, da launin fentinta na asali, da hannu nawa ta shiga, da ko lambar da ke jikin injinta ta dace da wadda aka rubuta mata tun farko. Mota mai shekara 60 da ta cika waɗannan sharuɗɗa tana iya fin sabuwa tsada. Mutumin Gulma ko Argungu da ya ji wannan zai yi mamaki, domin a kasuwar da ya sani tsufa aibi ne ga mota, kamar yadda yake ga doki: masu iya magana sun ce tsohon doki sai mai shi. Bambancin nan na kasuwannin biyu yana da tarihi, kuma shi ne abin da za a bi diddiginsa a nan.

Irin waɗannan motoci sun bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ingila ta fito daga yaƙin da bashi ya yi mata katutu, sai gwamnati ta riƙa raba wa kamfanoni ƙarfe gwargwadon yawan motocin da suka sayar a ƙasashen waje. Kamfanin MG, wanda ya kafa masana'antarsa a garin Abingdon a 1929, ya ƙera samfurin TC guda 10,000 tsakanin 1945 da 1949, ya kuwa sami shiga a Amurka duk da cewa sitiyarin motar a dama yake. Triumph ya biyo da TR2 a 1953, Jaguar ya nuna E-Type a Janeba a 1961, sa'an nan MGB ta fito a 1962, aka ƙera fiye da 500,000 kafin a rufe masana'antar Abingdon a 1980. Akasarinsu Amurka suka tafi. Watau an yi su ne domin hanyar kwalta mai santsi, da mutumin da ke da wata motar ta ɗaukar iyali.

Ƙasar Kabi kuwa wata buƙata gare ta. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙarasa Sakkwato ba balle Argungu ko Birnin Kabi. Saboda haka shinkafa da kifi da fatu na wannan yanki sun dogara ga jaki da raƙumi da kwalekwale, daga baya kuma ga manyan motocin ɗaukar kaya. Gulma tana bakin fadamar Rima, inda ruwa ke malala da damina, rairayi kuma ya tare hanya da rani. Tsakanin cikin MGB da ƙasa bai wuce kimanin inci 5 ba. Motar da ke ƙasa-ƙasa haka, idan ta tsira daga gargadar hanyar burji, ba za ta tsira daga taɓo ba. Motocin Ingila da suka yi suna a nan su ne Land Rover, wadda ta fito a 1948 ta zama motar rangadin Di'o da ma'aikatan En'e, da kuma Bedford ta 'yan kasuwa.

Akwai kuma batun kujera biyu, wanda bai kamata a raina shi ba. A ƙasar Hausa mota ta gaji matsayin doki, kuma babban mutum ba ya tafiya shi kaɗai. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka mallaki mota, kuma tun daga wancan zamani motar girma ita ce mai faɗi, wadda direba ke ja, mai ita yana baya, dogari yana gaba. Ma'aikacin gwamnati da ya karɓi bashin mota yana tunanin uwargida da yara da buhun gero daga ƙauye. Motar da mai ita zai tuƙa da kansa, kansa a waje rana tana dukansa, ba wurin ɗaukar ko ƙane, sai a ɗauke ta abin wasan samari da Turawa.

Abu biyu suka ƙarasa kashe kasuwar motocin Ingila a Nijeriya. Na farko canjin hannu: ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasar ta bar tuƙi a hagu ta koma dama, don ta daidaita da maƙwabtanta da Faransa ta mulka. Direbobin da ke ƙetare iyaka ta Kamba zuwa Gaya sun huta da sauya hannu, amma duk mai mota da sitiyari a dama ya wayi gari darajar motarsa ta zube, domin ba ya ganin gabansa sosai idan zai wuce wata motar. Na biyu, Peugeot ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1975, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka cika aljihun ma'aikata. Fijo 504 tana da tsayi daga ƙasa, tana jure gargada, kayan gyaranta suna ko'ina. A wannan shekara ce kuma gwamnatin Ingila ta karɓe kamfanin British Leyland, wanda MG da Triumph da Jaguar ke ƙarƙashinsa, don kada ya durƙushe.

A nan ne hanyoyin biyu suka rabu. A Ingila, da masana'antun suka rufe, sai motocin da suka rage suka zama abin nema. An adana littattafan masana'antu, har mai MG ko Triumph yana iya neman takardar shaida daga ma'ajiyar da ke Gaydon, wadda za ta faɗi yadda motarsa ta fito tun ranar farko. Ƙungiyoyin masu irin motar suka sa aka ci gaba da ƙera kayan gyara, gwamnati ta ɗauke wa motocin da suka haura shekara 40 harajin hanya, gidajen gwanjo irin su Bonhams suka mai da cinikin sana'a. Ba kullum ake cin riba ba: farashi ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen shekarun 1980, ya rikito a farkon na 1990, waɗanda suka ci bashin banki suka saya suka tafka hasara. Duk da haka, a 2019 an yi gwanjon wata Aston Martin DB5 mai alaƙa da finafinan James Bond a kan fiye da dala miliyan 6. Ƙarfen motar bai kai haka ba. Labarinta aka saya, tare da hujjar da ta tabbatar da shi.

A nan gida, cinikin mota ya bi tsarin cinikin dabba. Dillali ya kawo mai saye, a duba inji da taya kamar yadda ake duba haƙori da kofato, a yi tayi, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Tsari ne mai kyau, ya kuma ginu a kan amana da shaidu, amma abin da yake aunawa shi ne sauran ƙarfin da ya rage wa motar. Da ƙarfin ya ƙare, sai bakanike ya cire abin da zai yi amfani, maƙera su yanka bodin su yi murhu da mangala da tukunya, saura ya tafi wurin 'yan gwangwan. Wannan ba rashin hikima ba ne. Talaka ba ya ajiye ƙarfe yana kallo. Abin takaicin dai shi ne yanayin Arewa ya fi na Ingila kyautata wa ƙarfe. Can gishirin da ake zuba wa hanyoyi lokacin sanyi shi ke cinye ƙasan mota da tsatsa, har dillalansu sukan je Kalifoniya su sayo waɗanda aka kai tun da, saboda bushewar ƙasar. Rana da ƙurar hunturu suna lalata fenti da roba da fatar kujera, amma waɗannan ana sake su. Tsohuwar motar da aka kulle a garejin wani gidan sarauta ko gidan tsohon ma'aikaci a Birnin Kabi tana iya fin takwararta ta Landan lafiyar jiki, magada kuma su sayar da ita a kan kuɗin awon kilo, bayan sun zubar da lasisinta da rasiɗanta, waɗanda su ne rabin darajarta.

Al'adar adanawa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Fadar Kano ta riƙe tsohuwar Rolls-Royce ta sarakunanta, ana fito da ita a manyan bukukuwa. A Argungu, tsohuwar fadar da sarki ya bari a 1942 ta zama Gidan Tarihi na Kanta a 1958, inda aka tara makamai da tambura da kayan su na Kabawa. Kayan zamanin mota ne har yanzu mutane ba su cika ɗauka a matsayin tarihi ba, ko da yake motar ta riga ta shiga cikin bikin garin: a bikin kamun kifi na 2020 an yi jerin gwanon motoci tun daga Abuja har Argungu, kuma motocin da aka harhaɗa a Nijeriya ne suka yi tafiyar.