Daga Jiniyar Kakuri Zuwa Zauren Lugard Hall

Wanda ya tashi a Kakuri ko Makera ko Nasarawa kafin shekarar 2000 bai cika buƙatar agogo ba. Jiniyar masaƙu ce ke raba masa yini. Da ta yi kuka sai ka ga titin Kachia ya cika maƙil da kekuna, masu aikin dare suna fitowa da ƙurar auduga a gashin kansu, masu aikin safe suna sauri kada a rufe ƙofa. Mata masu tuwo da ƙosai sun san lokacin ɗora tukunya, mai shayi ya san ranar da zai karɓi bashinsa, domin albashi ba ya saɓa wata. Na ga ƙarshen wannan zamani da idona, kuma har yau in na bi ta gefen katangun nan da ciyawa ta cinye, sai in ji kamar kunnena na jiran ƙarar.

Ba haka kawai unguwannin nan suka tsiro ba. Layin dogo ne ya fara ba kudancin kogi muhimmanci, don a nan mahaɗar jiragen ƙasa take. Sannan gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta yi tunanin da ya sauya komai: me zai sa audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ta tafi Ingila, ta dawo mana a matsayin akoko mai tsada? Aka haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila, masaƙar KTL ta fara aiki a 1957. Nortex ta biyo baya, sai UNTL ta 'yan kasuwar Hong Kong, sai Arewa Textiles ta Japanawa, duk kafin yaƙin basasa. A 1964 aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON a nan Kakuri, a 1975 Peugeot ya fara harhaɗa motoci, a 1980 kuma matatar mai ta Kaduna ta kama aiki. Bakataf da Bajju da Bahaushe da Tibi da Bayarabe da Ibo suka zauna gida ɗaya na haya, suna layin famfo ɗaya. A Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya fara ƙwadago, kuma ba banza ba hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa take Kaduna.

Abu biyu ne suka riƙe wannan gini, kuma duka biyun makamashi ne. Injin saƙa yana son lantarkin da ba ya ƙiftawa, an kuwa samu bayan buɗe madatsar Kainji a 1968. Rini da buga zanen atamfa kuma suna son tururi, tukwanen tururin suna shan baƙin mai, wanda daga baya matatar da ke kusa take bayarwa. Shi kuwa ma'aikaci, kafin albashinsa ya shiga aljihu an riga an cire haraji. Wannan harajin na albashi baitulmalin jiha yake shiga, saɓanin harajin ribar kamfani da ke tafiya tarayya. Ke nan duk injin da ke juyawa a Kakuri yana zuba wa gwamnatin Kaduna kuɗi ba tare da an kama wuyan rigar kowa a kasuwa ba. Ban san wata hanyar tara haraji da ta fi wannan mutunta talaka ba.

Majalisar dokokin jihar tana ƙetaren kogi, a Lugard Hall, ginin da majalisar Jihar Arewa ta zauna a ciki. Tarihinta da haraji ya yi zafi tun a Jamhuriya ta Biyu. Gwamna Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, da ya hau mulki a Oktoban 1979, ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Ga talakan da ya san wulaƙancin dogari da kwanan gidan yari saboda kuɗin haraji, wannan 'yanci ne. Amma majalisar tana hannun NPN. Ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, aka yi ta ja-in-ja har ta tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981, gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. Kowa da yadda yake kallon wannan rikici. Ni abin da ke damuna shi ne ƙarfin da majalisa ta nuna ranar nan ya isa a ce an taɓa ganin irinsa wajen kare masana'antu, ba a gani ba. Sojoji ma suka dawo a ƙarshen 1983, zauren ya yi shekaru a rufe.

Rushewar ta zo a hankali. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, atamfar Sin ta kwararo, wata ta ƙofa, wata ta hannun 'yan fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar, har da wadda aka kwaikwayi zanen Kaduna aka buga mata tambarin ƙarya. Ana yawan tsayawa a nan in ana ba da labarin, amma tsofaffin ma'aikata za su gaya maka cewa wuta ce ta fara kashe su. NEPA ta koma kawowa da ɗaukewa, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar saƙa, zare ya tsinke, in ana tsakiyar rini, yadin ya lalace. Matatar ta riƙa tsayawa, baƙin mai ya yi wuya. Kowace masaƙa ta zama mai samar wa kanta lantarki da janareto, tana gasa da wanda gwamnatinsa ke ba shi wuta da araha. KTL ta rufe a 2002. Arewa Textiles da Nortex suka bi. UNTL ta rufe a 2007, dubban mutane suka rasa aiki rana ɗaya. An sake buɗe ta a 2010 da rancen Bankin Masana'antu, amma ba ta koma kamar da ba. Duk wannan kuwa ruwan kogin da ya ratsa garin yana gangarawa Shiroro, yana juya injinan megawat 600 tun 1990.

A 2009 aka ba da kwangilar tashar lantarki mai megawat 215 a Kudenda, don farfaɗo da masana'antu. Shekaru suka yi ta wucewa ana ɗaga ranar buɗewa. A Oktoban 2024, bayan lalacewar layukan da ke kawo wa Arewa wuta, har da na Shiroro zuwa Kaduna, garin ya yi sama da mako a duhu. Mai sayar da ƙanƙara a Sabon Tasha da mai walda a Television da mai injin markaɗe a Barnawa sun san abin da wannan mako ya ci musu.

Da masu albashi suka ragu, dole gwamnati ta nemi kuɗi wani wuri, sai ido ya koma kan ɗan acaɓa da mai shago da mai tebur, wato 'ya'yan ma'aikatan jiya. An yi lokacin da mai shago ɗaya zai tara rasit kala-kala, bai san wanne ne na gaskiya ba. A nan majalisa ta yi aikin da ya cancanci yabo: dokar haraji ta 2016, zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, ta tattara harajin jiha wuri guda, ta damƙa karɓa ga hukumar KADIRS, ta hana karɓar kuɗi hannu da hannu. Kuɗin shigar jihar da bai kai naira biliyan 15 ba a 2015 ya haura biliyan 50 a 2020. Sai dai gyaran dokar na 2020 ya zo da naira 1,000 a kan kowane baligi a shekara, da sunan kuɗin raya ƙasa, abin da ya sa dattawa suka tuna harajin da Balarabe ya soke. An gyara ƙwaryar tatsa, babu shakka. Saniyar ce ba a ba dusa ba.

Shekara da shekaru 'yan majalisa suna da uzuri mai ƙarfi: lantarkin babban layi na tarayya ne, ba huruminsu ba. Wannan uzuri ya faɗi a Maris na 2023, da Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta, sannan Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Lantarki a Yunin shekarar. Jihohi irin su Enugu da Ondo da Ekiti sun karɓi ikon kula da kasuwar wutarsu daga hukumar tarayya a 2024. A shekarar ce kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, kuma yawancin masana'antu a wannan rukunin suke. Duk dokar da za ta fito daga Lugard Hall a kan wannan batu, a Kakuri za a auna ta: ko an ware wa yankin masana'antu layinsa, ko an buɗe wa masu zuba jari a hasken rana hanya, ko an shirya wa iskar gas ɗin bututun Ajakuta zuwa Kano, wanda aka fara shimfiɗawa a 2020 kuma ta Kaduna zai bi.

Akwai kuma bashin da ya girmi duk waɗannan. Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da mazan jiya, kuma sun cancanta. Garin soja ne Kaduna, kusan kowane layi a Kakuri akwai gidan tsohon soja ko gwauruwarsa. Ina so a tuna da wasu mazan jiyan su ma. KTL mallakar jihohin Arewa 19 ce, kuma ma'aikatanta sun shafe shekaru suna zanga-zanga da rubuta takardu kan kuɗin sallamarsu tun rufewar 2002. Da yawa sun rasu suna jira, matansu ne suka gaji zuwa taron. Mutanen nan an cire musu haraji kowane wata na tsawon shekara ashirin, wasu talatin, kuma wasunsu har yau suna ajiye da katin aikinsu a cikin leda, a ƙasan akwati.