Sitiyarin Mota: Wa Ya Ƙirƙira, Sunan Wa Ya Fito?

Mu da muke kan hanyar Azare zuwa Potiskum, mota ba baƙuwa ba ce a wurinmu, amma kaɗan daga cikinmu suka san cewa dabarar da ke juya tayoyin gaba ta girmi motar kanta.

A da, keken doki na Turai mai ƙafa huɗu, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba ne yake juyawa gaba ɗaya a kan ƙusa guda. In aka sha kwana da gudu, sai keke ya kife. Wajen 1817 wani maƙerin keken doki a Munik ta ƙasar Jamus, Georg Lankensperger, ya sa kowace taya ta riƙa juyawa a mazauninta. Hikimar ita ce, a kwana tayar ciki gajeriyar hanya take bi, ta waje doguwa, don haka dole ta ciki ta fi lanƙwasa. In suka lanƙwasa daidai wa daida, ɗaya sai ta riƙa gurzar ƙasa tana cinyewa.

To, wakilinsa Rudolph Ackermann shi ya yi wa dabarar rajista a Ingila a 1818. Yau a makarantun injiniya sunan Ackermann ake kiranta da shi. Maƙerin ya sha zafin wuta, mai takarda ya tafi da suna. Turawan Ingila kuma suna cewa likitansu Erasmus Darwin ya riga su duka.

Motar Karl Benz ta 1886 taya uku gare ta, da sanda ake karkata ta. Sai a 1893 ya samu yadda zai sarrafa tayoyin gaba biyu. Sitiyari mai da'ira kuwa, an gan shi a motar Alfred Vacheron a tseren Faris zuwa Ruwan na 1894.

Mu ma muna da irin wannan gardama. Sau nawa muka ga an rubuta a Facebook cewa Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya ƙirƙiri mota mai lantarki? Abin da ya yi a kamfanin General Motors shi ne zana siffar samfurin Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, kuma wannan ma ya isa alfahari ba sai an ƙara gishiri ba.

Makanikai da masu walda na Dambam da Azare da suka haɗa wani abu nasu na kansu, dokar rajistar ƙirƙira ta Najeriya tana nan tun 1970, ofishinta kuma yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya a Abuja.