Abin da Ke Cikin Zabirarmu

A gidajen wanzamai na gado, ba a miƙa wa yaro aska sai ya san daji. Aska rabin sana'ar ce, ragowar tana cikin saiwa da sassaƙe da ganye. Hannun da ya yi wa yaro kaciya shi zai barbaɗa garin bagaruwa don ciwon ya kame, shi kuma zai jiƙa sabara idan ciki ya ɓaci. Shi ya sa kakanninmu ba su zama baƙi a kowane gida ba: ranar suna su ke askin jariri, da sanyi ya shigo su ke tara yaran unguwa don kaciya, kuma a fada akwai Sarkin Aska mai kula da su duka. Tsagar gado ma aikinmu ce. Da ita ake gane Bagobiri da Bakabe tun daga nesa, a zamanin da yaƙi ke raba ɗa da uwarsa.

Malamai ba su raina wannan ilimi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Bayan zuwan Turawa, likita Dalziel ya tattara sunayen tsirranmu na Hausa ya buga a 1916. Sunayen da ya rubuta daga bakin mutanenmu suka fito.

Girgiza ta zo ne da cutar ƙanjamau, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a 1986. Aska ɗaya mai yawo kai goma ta zama abin tsoro, kuma tsoron yana kan hanya. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana tsaga, wata doka ta 2015 kuma ta haramta kaciyar mata. Wasu dattawanmu sun ji zafi, suna ganin an ci mutuncin gado. Ni ban ga asara a nan ba. Yankan gishiri ya jefa mata da dama cikin yoyon fitsari, cire beli kuma ya sa jarirai zubar jinin da ba dole ba. Wanzaman da suka koma sabuwar reza ga kowane kai sun riƙe mutanensu. A Sakkwato har an riƙa haɗa kai da su wajen tura jarirai rigakafi, tunda su ke fara shiga gidan haihuwa.

Abin da ke hana ni barci shi ne ɗaya rabin. Masu gawayi sun cinye marke da ƙirya, saiwar da ake haƙowa a bayan gari yanzu sai an yi tafiyar yini. Tsofaffin da suka san wane sassaƙe ake ɗiba da rani, da adadin da jikin yaro zai ɗauka, suna ta tafiya ba a rubuta ba. Gurbinsu kuwa masu lasifika ne a bakin tasha, da kwalba ɗaya wai tana maganin cuta arba'in, alhali ko ganyen kalgo ba za su iya nuna maka a daji ba.